Tarihin Koyon Tuƙi a Ƙasar Hausa da Rabon Iyaye a Cikinsa

Tun zamanin da ba a san mota ba a ƙasar Hausa, balle a yi zancen lasin ko makarantar koyon tuƙi, iyaye sun san nauyin ranar da ɗa zai fara kama hanya, domin mutanenmu fatake ne tun asali, kuma babu wani gari mai kasuwa, daga Kano zuwa Katsina, daga Zazzau zuwa Damagaram, wanda ba a taɓa tsayawa a ƙofarsa an shafa wa yaro fatiha an sallama shi ga ayari ba. Masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ɗauki kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara, su yi wata da watanni kafin su sauka Salaga, kuma ayarin nan yana da tsarinsa wanda ba a ƙetarewa: madugu shi ne shugaba mai yanke magana da sarakunan hanya, jagaba yana gaba yana duba inda za a bi da inda za a yada zango, uban dawaki kuwa yana kula da sha'anin kuɗin fito da na zango. Yaron da aka sa a cikin wannan tafiya ba ya farawa da jari, ba ya farawa da ciniki. Aikinsa shi ne korar jakuna, da ɗaure mangala, da ɗebo ruwa, da kwana kusa da kaya, da koyon yadda ake buɗe huhun goro a yayyafa masa ruwa a tsince wanda sankara ta taɓa; sai ya yi tafiya bayan tafiya, manya sun ga haƙurinsa da riƙon amanarsa, sa'an nan a ba shi jaki ɗaya ko biyu a ce ya gwada nasa.

Abin lura a cikin wannan al'ada shi ne, galibi uba ba ya riƙe ɗansa a hannunsa don ya koya masa, sai ya ba da shi ga ƙaninsa ko amininsa ko wani dattijo da ya yarda da shi. Dalilin haka biyu ne, kuma duk Bahaushe ya san su. Na farko kunya, wadda take hana mutum sakewa da ɗansa, musamman ɗan fari wanda ko sunansa ba ya faɗi. Na biyu tausayi, domin uba ko dai ya yi wa ɗansa sassauci inda ya kamata a tsananta, ko kuwa zafin ganin kuskuren jininsa ya sa shi tsanantawa har ya wuce iyaka; amma baƙon hannu yana iya auna yaro da ma'aunin da yake auna sauran yara.

Malamanmu na fiƙihu kuma ba su bar wannan babi a buɗe ba. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani a zauren malaminsa ya wuce ta wurin da aka bayyana cewa mai korar dabba, da mai jan ta, da wanda yake kanta, dukansu suna ɗaukar lamunin abin da ta taka. Watau shari'a ta ɗora alhakin abin hawa a wuyan wanda akala take hannunsa tun ƙarnuka kafin a ƙera inji. Haka kuma malamai sun raba tsakanin balaga da rushdi. Balaga aba ce ta jiki, tana da alamominta, idan kuwa ba su bayyana ba, mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne cikar shekara 18. Rushdi kuwa shi ne kyautata tasarrufi da sanin abin da zai amfane ka da wanda zai cuce ka, kuma a cikin Suratun Nisa'i an umurci waliyyai su jarraba marayu tukuna, kada su miƙa musu dukiyarsu sai sun ga alamar rushdin nan, kamar yadda aka hana ba wa safihi dukiya ko da gemunsa ya fito. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa, domin tarihin koyon tuƙi a wurinmu tarihi ne na yadda aka riƙa jarraba rushdin yaro kafin a ba shi sitiyari, da yadda jarrabawar ta yi ta raguwa har ta kusa ɓacewa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a kakar 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe da ƙarfin da ya ba Turawan kansu mamaki, waɗanda suka shimfiɗa dogo da tsammanin auduga. Amma dogo layi ɗaya ne, gonaki kuwa suna warwatse a ƙauyukan da ke nesa da shi, saboda haka aka daɗe jakuna da raƙuma da takarkarai ne suke kawo buhuna bakin tasha, kafin manyan motoci su fara karɓe wannan aiki sannu a hankali a tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu. A farkon al'amari mota kayan Turawan mulki ce da sarakuna da kamfanonin ciniki da Kwarori, masu tuƙa ta kuma da yawansu mutanen Kudu ne waɗanda suka riga mu saninta. Dattawan birni ba su ɗauki tuƙi sana'ar da ɗan mutunci zai shiga ba. Suna ganinsa aikin bariki, na mutumin da ba ya kwana gida, wanda ba a san inda yake salla ba, ba a san da wa yake cin abinci ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya sassauta wannan ra'ayi, domin samarin Arewa da aka ɗauka soja, har waɗanda aka kai Bama, da dama sun koyi tuƙi da gyaran inji a can, suka komo bayan 1945 da sana'a a hannunsu. Ya zamana kuma lokacin ne dalar gyaɗa take tashi a Kano, attajiran ƙasa waɗanda suka gaji fatauci, irin gidan Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955, suna buƙatar motocin ɗaukar amfanin gona, har ma maniyyata aikin hajji suka fara bin motoci ta Maiduguri da Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, su ratsa Sudan zuwa bakin Bahar Maliya, tafiyar da kakanninsu suke yi da ƙafa shekara da shekaru. Da aka ga direba yana kai mutane hanyar Makka, yana dawowa da kuɗi da labarin ƙasashe, sai iyaye suka fara kai 'ya'yansu tasha da kansu.

A nan ne al'adar yaron mota ta kafu, kuma duk wanda ya dube ta da kyau zai ga tsohon tsarin ayari ne aka ɗauko aka ɗora a kan Bedford da Austin masu bodin katako. Uba yakan sayi goro, ya nemi wani dattijo ya raka shi, su sami direban da aka shaida da salla da rashin shaye-shaye, bayan gaisuwa ya ce, "Malam, ga yaron nan na kawo maka, ɗanka ne. Amana ce tsakaninka da Allah. In ya yi ba daidai ba ka hore shi, ba sai ka aiko mini ba." Direba ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa, Baba." A juya ga yaro a ce, "Kai kuma ga ubanka nan, abin da ya ce shi za ka yi." A shafa fatiha, a raba goro, shi ke nan an ƙulla. Uwa tana cikin gida, rabonta shi ne ta sa a yi masa rubutun sha, ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli da garin fura a tsumma, ta yi masa nasihar da ba ta wuce kalma biyu ko uku ba, sauran ta bar wa zuciyarta.

Daga ranar nan yaro ya shiga wata makaranta mai darajoji, ko da yake ba a rubuta su a takarda ba. Shi ne mai tashi tun kafin kiran assalatu ya wanke mota, ya zuba ruwa a lagireto, ya duba baƙin mai, ya zagaya tayoyi yana bugunsu da ƙarfe yana sauraron wadda iskarta ta ragu, sa'an nan ya kama ƙarfen tayar da inji ya murɗa da iyakar ƙarfinsa, yana kiyaye kada ya dawo ya karya masa hannu. In an tashi, mazauninsa bisa kaya ne, cikin rana da ƙurar burji da sanyin hunturu, da weji kusa da hannunsa; duk inda mota ta tsaya a hawa, ko ta gaza ta fara komawa da baya, wajibinsa ne ya diro kafin a kira shi ya cusa wejin nan ƙarƙashin taya, kuma rayukan fasinja duka suna rataye a kan saurin da zai yi. Shi ne mai cire taya ya yi faci a tsakiyar daji, shi ne mai ɗaure lodi da igiya, shi ne mai kwana a ƙarƙashin mota yana gadi alhali maigidansa yana cikin gari. Da damina kuwa, sa'ad da ake rufe hanyoyin burji bayan an yi ruwa don kada manyan motoci su lalata su, yakan yini a bakin shinge yana jiran ƙasa ta sha iska. Yana iya shekara biyu ko uku a haka bai taɓa zama a kujerar direba ba, sai dai kunnensa ya riga ya haddace kukan inji, ya san lokacin da mota take neman a sauya giya, ya san kowace kwana da kowace gada da kowane gangare tsakanin Kano da Gusau ko tsakanin Zariya da Jos, ya kuma ga gawar motoci a gefen hanya, an faɗa masa sunan wanda ya tuƙa kowace da kuskuren da ya kai shi.

Sa'an nan a fara sakar masa kaɗan kaɗan. Yau a ce ya tayar da mota ta yi zafi. Bayan watanni a ce ya gyara mata tsayuwa a cikin tasha. Daga nan ribas, wanda a wurinsa ake gane mai natsuwa. Daga nan a ba shi miƙaƙƙiyar hanya da rana, ba kaya, maigida yana gefensa ya yi kamar yana gyangyaɗi alhali yana ƙirga kowane motsi. Sa'an nan da kaya, sa'an nan da fasinja, tuƙin dare kuwa shi ne na ƙarshe. In maigida ya gamsu, shi ne zai kai shi gaban jami'in gwajin motoci, sau da yawa shi zai biya kuɗin lasin, a yi walimar yaye, a kira uban yaro a damƙa masa ɗansa. Abin da ya fi lasin ɗin daraja shi ne kalmar maigida, domin babu attajirin da zai ba saurayi motar da ya zuba dukiyarsa a kanta sai wani sanannen direba ya tsaya ya ce, "Yarona ne, na yarda da hannunsa." In yaron nan ya yi ganganci ya kifar da mota, sunan wanda ya yaye shi ne zai ɓaci a tasha, saboda haka ba a gaggawar yaye kowa. Ta wannan hanya nauyin da ke kan uba ya rabu gida uku: kashi yana kan maigida, kashi yana kan jama'ar tasha masu sa ido, kashi kuma an bar wa tsawon lokaci, wanda shi kaɗai yake mai da ɗan shekara 15 ya zama ɗan 22.

Ba zai zama adalci ba a yabi wannan tsari a ɓoye aibinsa. Akwai iyayen gida da suka ci amana, suka mai da 'ya'yan mutane bayi, duka da zagi da yunwa, suna ja musu rai har furfura ta fito ba a yaye su ba. Akwai yaran da suka faɗo daga bisa kaya cikin barci, da waɗanda taya ta bi ta kansu wajen sa weji, da waɗanda suka koyi shan ƙwayar hana barci da zaman banza a tashoshin kwana, kuma kusan dukansu sun rasa karatu, na allo da na boko. Jama'a kuma ba su girmama su ba. Waƙar Ɗan Maraya Jos ta Karen Mota, watau yaron mota, wadda tana cikin waƙoƙinsa da suka fi shahara, ta samu karɓuwa ne saboda kowa ya san mutumin da ake nufi, da yagaggiyar rigarsa da baƙin mai a jikinsa. Iyaye kuwa sun sha zaman jira irin wanda 'yan yau ba su san shi ba, domin babu waya, labari sai dai in wata mota ta shigo tasha a je a tambaya ko an gamu da su a hanya, kuma uwa tana iya yin mako biyu ba ta san ɗanta yana raye ko ya mutu ba. Duk da haka, wanda ya fita daga makarantar nan lafiya ya fita da abin da ba a saya da kuɗi, watau tsoron mota, da sanin cewa nauyin da yake ja ba ya tsayawa a inda aka so sai an ba shi fili.

Shekarun 1970 su ne suka juya al'amarin. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama, don ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Chadi, kuma a ranar nan tsofaffin direbobi da yaransu suka zama ɗalibai tare. Sa'an nan kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, aka shimfiɗa kwalta inda dā burji ne, sufurin jirgin ƙasa ya fara ja da baya, kaya suka koma kan tirela da tanka. A 1978 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta ƙasa, NURTW, wadda ta zama hukumar tashoshi. Amma babban sauyin da ya shafi iyaye a cikin gida ya faru: malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa matsakaici suka mallaki fijo, makullin mota ya zo ya rataya a ƙusa a ɗakin mutumin da ba direba ba ne, bai kuma taɓa zama yaron kowa ba. Ɗan gidan nan ba ya bukatar a kai shi tasha da goro. Yana farawa da wanke motar, sai ya roƙi direban gida ya bar shi ya matsar da ita inuwa, sai wata rana da azahar, maigida yana barci, ya zagaya unguwa da ita ya dawo. Kafin uba ya farga, maƙwabta sun riga shi sanin cewa ɗansa ya iya mota.

Kwalta ta kawo gudu, gudu ya kawo mace-mace masu yawa, har gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a watan Fabrairu na 1988, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Doka ta tsaya a kan cewa ba a ba da lasin sai ga wanda ya cika shekara 18, adadin da ya yi daidai da wanda malaman Malikiyya suka ambata, kuma daga baya aka shar'anta cewa mai neman lasin ya bi ta makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, ya riƙe takardar izinin koyo, ya liƙa jan harafin L a motarsa, a gwada shi kafin a ba shi. A takarda wannan tsari ne mai kyau, kuma shi ne ya kamata ya maye gurbin maigidan dā. Sai dai makarantar makonni ba ta iya ganin abin da maigida yake gani a shekaru, kuma abin baƙin ciki ne cewa akwai iyayen da suke biyan kuɗi a kawo wa ɗansu lasin har gida ba tare da ya zauna gaban mai gwaji ba, wasu ma su ƙara masa shekaru, suna ɗauka gata suka yi masa.

Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 ya buɗe wata ƙofar. Acaɓa ta cika birane, kuma babur ba ya neman shekarun hidima. Yaro yana koyonsa a yini biyu a bayan gari, a rana ta uku ya ɗauki fasinja. Motocin Kwatano suka shigo da araha, da yawansu masu sauya giya da kansu, ta yadda ko wahalar kuloci, wadda dā take tankaɗe marasa haƙuri, ta kau. Bayan da aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a farkon 2013, dubban samari suka koma tuƙa babur mai ƙafa uku, watau A Daidaita Sahu, kuma duk mai bin titunan birnin ya ga yaran da gemunsu bai tsiro ba suna kutsawa tsakanin manyan motoci da mata da jarirai a bayansu. Talaka yana sakin ɗansa da wuri saboda cefane, mai hali yana sakin nasa da wuri saboda so, kuma titi ɗaya suke haɗuwa.

To, a wannan hali uban yau ya sami kansa, yana ɗauke da nauyin da kakansa ya raba wa mutane da yawa, kuma yana yin aikin da al'ada ta ce uba bai dace da shi ba. Duk wanda ya bi ta filin Idi ko filin wata makaranta da yammacin Asabar zai gan shi: yana zaune a kujerar mai zaman banza, ya dafe gaban mota da hannu ɗaya, ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa inda babu birki, yana cewa, "A hankali, a hankali, ɗaga ƙafarka daga totur," yaron kuma, gumi yana zubo masa, yana cewa, "Baba, na gani ai," alhali bai ga akuyar da ta fito daga bayan katanga ba. Bayan mako biyu hannun yaro ya faɗa, yana shan kwana sumul, yana ribas da hannu ɗaya, har ya fi uban iya sarrafa motar, kuma a nan ne haɗarin yake, domin gwanintar hannu tana zuwa da wuri ga matashi, amma sanin abin da mai babur ɗin can zai yi kafin ya yi shi, da iya haƙura a bar wanda ya tsokane ka ya wuce, da jure dariyar abokai in sun ce kana tafiya kamar tsoho, waɗannan ba sa zuwa sai da shekaru da ganin abin tsoro. Ga waya a hannu, ga rakiyar amarya inda samari suke tsere da wasa da mota a tsakiyar jama'a, ga dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a duniya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Uwa a yanzu tana da waya, amma wayar ba ta rage mata jira ba. In ta kira tana tsoron ya ɗauka yana tuƙi, in ba ta kira ba ta kasa zama. 'Ya'ya mata kuma sun shiga wannan sahu, suna tuƙa kansu zuwa jami'a da wurin aiki, abin da tsarin tasha bai taɓa tanadar masa hanya ba, saboda haka koyar da su ya faɗo kan uba da yayye da makarantun tuƙi kai tsaye.

Ina ganin wajibi ne a riƙa tuna wa iyaye hukuncin da ke bayan wannan al'amari, domin mutane da yawa suna ɗauka in an ce ƙaddara ce magana ta ƙare. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke lamuni ba. Wanda ya kashe rai bisa kuskure, shari'a ta ɗora diyya, raƙuma 100 ko dinari 1000, a kan aƙilarsa, watau danginsa na wajen uba, ta kuma ɗora masa kaffara a kansa, wadda a zamaninmu ta koma azumin wata biyu a jere. Ma'anar wannan ita ce tun asali shari'a ba ta ɗauki kuskuren saurayi a matsayin abin da ya shafe shi shi kaɗai ba; dangin da za su biya suna da haƙƙin su ce ba a ba shi mota ba tukuna. Gaskiya ne a ƙasarmu galibi iyalan mamaci sukan yafe, su ce sun bar wa Allah, kuma wannan karamci ne da ya cancanci yabo. Amma yafewar da ake samu a sauƙaƙe ta sa wasu sun manta girman abin da aka yafe, har uban da ya miƙa makulli ga ɗan shekara 14 yakan karɓi jaje kamar shi aka zalunta, alhali sakacinsa ne sababin farko.

Akwai magidanta da suka fahimci haka, suka koma suna gina darajojin dā a cikin gidajensu gwargwadon hali. Sukan jira shekarun doka su cika ko da yaro ya yi fushi, su kai shi makarantar tuƙi ta gaskiya, sa'an nan su haɗa shi da kawunsa ko wani tsohon direba da ya yi ritaya, wanda zai iya tsawata masa ba tare da kunya ko tausayin uba ba. Sukan sa shi ya koyi duba mai da ruwa da sauya taya kafin ya koyi gudu, su fara aikensa cikin unguwa da rana, su hana shi ɗaukar abokai da fita bayan magariba har wani lokaci, babbar hanya irin ta Kano zuwa Kaduna kuwa sai ya bi ta sau da yawa da babba a gefensa. Yaro yakan ga wannan ƙuntatawa ce, musamman in sa'o'insa suna yawo da motocin gidajensu, kuma uba yana bukatar ƙarfin zuciya kafin ya jure ganin ɓacin ran ɗansa a kan abin da yake da ikon ba shi.

Tsohuwar al'adar kanta ba ta mutu ba, ta koma wurin masu manyan motoci. A Tafa da Mararrabar Jos da sauran wuraren da tireloli da tankoki suke kwana, har yau kowace mota tana da yaranta, suna wanki, suna dafa abinci a gefen taya, suna sa weji, suna jiran shekarar da maigida zai ce sun isa, kuma har yau mai tanka ba ya ba saurayi motarsa sai wani direban da ya sani ya tsaya masa.